Likkafanina a Ramin Mukayyif

Ina fitowa daga bayi da butata na ji an yaga zane a ɗakin da aka sauke ni. Kunnena ya san kukan saƙi, ba irin na yadin kanti ba ne. Na dire butar na shiga.

Ɗana ne tsaye kan kujera, shi da wani Bamaraɗe mai gyaran mukayyif, injin sanyaya ɗaki. Sun ɗora sabo a ramin bango, ramin ya fi shi faɗi, zafin Riyad yana hurowa ta gefe kamar bakin tanda. Shi ne suka nemi abin cusawa. A unguwarsu ta Gubaira kowa haka yake yi, soso ko kwali ko tsumma. Shi kuwa nawa ɗan sai ya jawo ƙullin da ke ƙarƙashin matashina.

Likkafanina ne. Ni na gurje audugar, ni na kaɗa zaren tun yatsuna ba su sanƙare ba. Masaƙin da ya saƙa min ya daɗe a ƙasa. Da muka je Umra na jiƙa shi da zamzam, na shanya, na naɗe, na ɗaure cikin tsohon ɗankwali.

Bai sani ba, don ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba, haka aka raine mu. Uwa ba ta kiran ɗan fari ta ce ga abin da za ka naɗe ni a ciki. Ƙanwarsa ce ta sani, ita kuma tana gida. Shi tun yana saurayi yake tuƙa motar Larabawa, har ya manta kamannin saƙi.

Ko a ranar ban iya kallonsa ba. Bamaraɗen na yi wa magana.

"Malam, wannan da kuke cusawa na kabari ne."

Bawan Allah ya yi salati, ya shiga zaro tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, sun yi baƙi da mai da garin siminti. Ɗana ya sauko yana ta ba ni haƙuri da Larabci, malish, Hajiya, malish. Wai a nan ba mai yawo da likkafani, wurin wankan gawa na masallaci kyauta suke bayarwa, sabo a leda.

"Gobe zan kawo miki wanda ya fi shi," in ji shi.

Wanda ya fi shi. Na tattara kayana.

Bayan la'asar 'yarsa ta zo lallashina da Hausarta da ta gauraye da Larabci. Wai Turawa suna da kalma guda ta irin wannan, dunƙule mai laushi da ake toshe rami da shi, har da tsumman da ake ɗura wa bindiga. Ta nuna min a waya. Da tsufana na koyi karatu, na bi baƙaƙen da yatsa, 'yar guntuwa ce. Ta ce su kansu masu kalmar ba su tabbatar da inda ta samo asali ba. Na ce su suka sani, ni nawa dunƙulen na san gonar da ya fito.

Na wanke abin da ya fita, na zauna da allura ina haɗawa. Da na gama na shimfiɗa a ƙasa na kwanta a kai. A gwiwa ya tsaya. Sauran ya shige can bayan injin, sai an sauke injin kafin a kai gare shi. Na aika yarinyar ta gaya wa ubanta. Ya ce kafili, Balaraben da yake wa aiki, ba ya ba shi hutu, a bari sai Juma'a. Juma'o'in suka yi ta wucewa, ina kwana ƙarƙashin injin yana ɗiga ruwa, har bizata ta ƙare.

Ranar tafiya ɗana ya cusa min sabon likkafanin ledar a jaka. A filin jirgi na ciro shi na bari kan kujera.