Bargon da Awawu Ta Aika Funtuwa

Duk matan Arewa da ke zaune a unguwar Barking ta birnin London sun san Awawu. Ita ce wadda in aka haɗu a suna ko walima, kafin ta gama amsa gaisuwarki sai ta kama bakin mayafinki, ta juya shi, ta duba ɗinkin, ta yi ajiyar zuciya irin ta likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa wa mara lafiya. "Keke," za ta ce, ta sake miki abinki.

Ba da wannan halin aka haife ta ba. 'Yar Funtuwa ce, ta biyo mijinta Shamsudeen da ya zo karatun harhaɗa magunguna a Bloomsbury da niyyar ya gama ya koma gida. Yau babbar 'yarsu Yusra tana jami'a, shi kuma yana nan yana shirin komawa. Awawu ta reni 'ya'yanta har suka girma, suka koma amsa mata da Turanci ta bayan ƙofa, sai ta wayi gari ba ta da aikin yi tsakanin azahar da la'asar sai kallon ruwan sama ta taga.

Maƙwabciyarta Katumi, 'yar zangon Kumasi, ita ta ja ta zuwa wani zaure na ƙaramar hukuma inda mata ke haɗuwa ran Laraba suna ɗinka bargo. Ƙyallaye ake yankawa a harhaɗa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi da ɗinki. A zauren teburi biyu ne. Masu keken ɗinki suna jikin bango inda soket yake, masu allura suna kusa da hita, kuma tsakanin teburan nan akwai gabar da ta girmi wasu daga cikin masu yin ta. Shayi ma kowane ɓangare da butarsa.

Katumi 'yar keke ce. Ranar farko duk kekunan akwai mutane a kai, sai aka miƙa wa Awawu allura da zare don kada ta zauna haka nan. Ta yi ɗinkin da kowace yarinya ke yi wa yagaggen zane. Wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, shugabar masu allura, ta ɗaga ƙyallen sama, ta dafe ƙirji, ta kira sauran su zo su ga hannun da ya gaji hikimar kakanni. Awawu ba ta san kakanninta sun bar mata komai ba sai ranar. Ta koma gida kai ya kumbura, da ƙyar ƙofa ta ishe ta shiga.

Kafin hunturu ya fita ta zama malama. Keke, in ji ta, ba shi da rai. Ɗinkin keke ƙarya ce da zare. Bargon da ba a soki yatsa a kansa ba tsumma ne. Tana faɗin haka sanye da abayar da inji ya ɗinka tun daga wuya har ƙasa, amma ba wanda ya ga amfanin tuna mata.

Katumi kaɗai ke tanka mata, da Hausarta ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Awawu, kai kana wahala banza. Ni na gama bargo uku, kai kana kan kusurwa ɗaya. Sanyi ya san hannu ya san keke?"

"Ke ai photocopy kike yi," in ji Awawu. Daga nan suka daina hawa bas ɗaya.

Sai ta ɗauko babban aiki. Ta fito da ankon duk bikin da ta taɓa zuwa, atamfofin da suka cika akwati, ta yayyanka, ta ce za ta yi wa mahaifiyarta, Inna Sadiatu, bargon da ba a taɓa gani ba a Funtuwa. Azumi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Tuwo ya yi ƙaranci a gidan, Shamsudeen ya ƙware a dafa taliya. Sau biyu yana zama a kan allura, na biyun ya ce, "Maman Yusra, in saya miki keke mana, ki huta mu huta."

"Abban Yusra, kai ma ashe ba ka waye ba," ta ce.

Bargon ya yi kyau, wannan ba a musu. Masu allura suka tafa, aka ɗauki hoto, aka manna a bangon zaure. Ta naɗe shi ta ba wani ɗalibi mai tafiya gida, tare da gargaɗin da ko jariri aka ba shi sai haka.

Inna Sadiatu ta kira ta a bidiyo, idonta jawur.

"Awawu, tsakaninki da Allah, lafiya kuke zaune da mijinki?"

"Lafiya lau, Inna. Kin ga saƙon?"

"Na gani, 'yar nan, na kuma gane. Shekara da shekaru kina ƙasar Turawa, ki rasa abin aiko min sai faci a kan faci? Kuma da hannu? Ko keken haya babu a garin? In wahala ce ki dawo, ɗakinki yana nan."

Awawu ta shiga bayanin hikimar kakanni. Inna ta ce ita ta san kakannin nan ido da ido, kuma da sun samu keke da sun yi sadaka don godiya. Sannan ta kwantar mata da hankali: ba wanda zai ga abin kunyar. Ta riga ta kai wa Kingsley, telan bakin tasha, ya bi kowane layi da keke, ya daidaita inda ya karkace, ya ƙara masa leshi ruwan hoda a gefe. Ta juya wayar ta nuna mata.



Maganar kuwa ta riga ta fita. Kafin mako ya zagayo, yayar Shamsudeen ta kira shi daga Zariya tana tambaya ko gaskiya ne matarsa tsumma take tsinta. Bai yi shawara da kowa ba, ya yi order ɗin keke mafi tsada da ya gani, ya ɗauki hotonsa ya tura wa dangi, nasa da nata. Awawu ta lulluɓe keken da zane ta ɗora tukunyar fure a kai.

A zaure, da ta ba da labari, masu allura suka yi mata ta'aziyya kamar an yi rasuwa. Katumi ta yi dariya har sai da ta cire ƙafa daga keke. Amma da aka tashi ita ta riƙe wa Awawu jaka zuwa bas, ta ce, "Bari kuka, ɗan'uwa. Mama yana rufa da shi, ko ba haka ba?" Suka koma hawa bas ɗaya, kowa da ra'ayinta.

Da bazara aka kawo Inna Sadiatu London duba ido. Awawu ta ga dama ta samu, ta kai ta zaure don ta gani da sabon idonta cewa har Turawa sun san darajar allura. Inna ta tsaya ta ƙare wa teburin kallo: tsofaffi sun duƙufa, tabarau a kan hanci, kowa na neman kafar allura. Tausayi ya kama ta.

"Tambaye su," ta ce, "duk mazan nasu sun rasu ne? Ba 'ya'ya kuma?"

Shugabar masu allura ta matso da murmushi, tana son jin abin da baƙuwa ta ce.

"Ta ce aikinku ya burge ta," in ji Awawu da Turanci.

Baturiyar ta rungume Inna. Inna ta bubbuga bayanta tana cewa, "Allah sarki, Allah Ya kawo mai taimako." Da aka sake ta, ta gyara mayafi, ta tsallaka ɗaya ɓangaren, ta ja kujera kusa da Katumi, ta ce a nuna mata inda ake takawa.