Na'urar da Kawu Tsvetan Ya Hau da Ita Smolyan

Tsvetan Gaydarov shi ne mai kula da kwamfutocin kamfaninmu na zanen hanyoyi da gadoji. Babban ofis yana Plovdiv, mu kuwa 'yan ƙaramin reshe ne a Smolyan, can cikin duwatsu. Dogo ne marar yawan magana. Da gyaran wayar tarho ya fara tun zamanin mulkin gurguzu, sai da furfura ta fito masa ya koyi kwamfuta. Kowa Kawu yake ce masa, har sa'anninsa.

Layinmu na intanet ba shi da ƙarfi. Zane-zanen duk a Plovdiv suke ajiye, in ka danna fayil sai ka dafa kofi ka shanye bai buɗe ba. Da shugabarmu, Madam Dobreva, ta gaji da jinkirin, sai ta ce a rufe reshen, mai son aikinsa ya sauko birni. Wadda abin ya fi girgiza ita ce Rumyana, abokiyar aikina. Mijinta yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, kullum da rana sai ta ruga gida ta juya shi ta ba shi abinci.

Tsvetan ya roƙi a ba shi dama. Ya harhaɗa wata na'ura daga tsofaffin kayan ofis, ya hau da ita daga Plovdiv a bayan motarsa, ya girke ta gefen murhun ɗumama ofishinmu.

"Kawu, wannan kuma firij ne?" in ji Rumyana.

"Rumbu ne. Duk abin da ke Plovdiv akwai kwafinsa a nan. Ki yi aikinki a kai, ita za ta riƙa aika musu a hankali."

"In layi ya yanke fa?"

"Sai ta jira. Ta fi shugaba haƙuri."

Aiki ya miƙe, aka bar zancen rufewa. Duk wata sai ya hau ya duba ta, Rumyana ta dafa masa wake, ya ci a tsaye ya juya.

A wani hunturu dusar ƙanƙara ta katse layin kwana da kwanaki. Rumyana ta ƙara kaurin wata katangar tare dutse a nata kwafin zanen. A can Plovdiv kuma wani injiniya ya taɓa wannan zanen bayanta. Da layi ya dawo, na'urar ta riƙe gyaran ƙarshe, na Rumyana ya ɓace. Ba wanda ya lura sai da aka zuba kankare. Dole aka fasa katangar, kamfani ya ji kunya.

Madam Dobreva ta hau da kanta tare da Tsvetan, ranta a ɓace.

"Rumyana, ina gyaran da kika ce kin yi?"

Kafin ta amsa Tsvetan ya miƙe. "Madam, ta yi. Ni ne ban tsara yadda za a yi ba in mutum biyu suka taɓa fayil ɗaya. In kora ce, ga ni."

Ba ta kore shi ba, amma ta ɗora wani a kansa, ta bar masa jan waya da gyaran injin buga takarda. Alfarma ɗaya ya nema: a bar na'urar Smolyan a hannunsa. Ya gyara ta yadda in gyara biyu suka ci karo za ta ajiye duka, ta sanar da mu. Bai taɓa ɗaga zancen muƙaminsa ba. Da na yi masa jaje sai ya ce, "Todor, katanga ce aka fasa, ba mutum ba. Miƙo min filaya."

Reshen ya ƙara shekaru masu yawa. Mijin Rumyana ya rasu a gadonsa, hannunsa cikin nata. Bayan nan aka jawo mana layi mai ƙarfi, na'urar ta zama ba a buƙatarta. A lokacin Tsvetan ya riga ya yi ritaya, huhu ya fara ba shi wahala, ni ya sa na kashe ta yana faɗa min ta waya abin da zan danna, yana tari.

A kaka ya rasu. Dukkanmu muka rufe ofis muka sauka Plovdiv jana'izarsa. 'Yarsa ta yi mamakin ganinmu, don ta ce a gida bai cika zancen aiki ba. Rumyana ta ja ta gefe, suka zauna a kan benci, ta ba ta labari tun daga farko.