Baƙuwar da ta zo tambayar aikin Malam

Shekarar da masaƙa ta sallami Malam, maƙwabcinmu a garin Greensboro, nan ƙasar Turawa, ni da mijina kaɗai muka san yana karɓar kuɗin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki. Matarsa, wadda muke kira Anti, ya ɓoye mata. Mace ce mai gudun abin kunya, da ta ji sai ta ce bara yake yi. Ya dai gaya mata ya koma wata gonar dawakai a Summerfield, kuma gaskiya ne. A hannu ake biyansa, kuɗin gwamnati kuma bai fasa karɓa ba.

Mijina ya sha ja masa kunne. A nan zamba suke kiran wannan, kotu ake kai mutum, ya mayar da kuɗin, wani har gidan yari, ga takardun zama da Malam yake jira, su ma sai ya rasa su. Sai ya yi dariya ya ce, "Haba, taya Bature wankin doki ai ba aiki ba ne."

Wata ranar Talata da hantsi ina gidansu muna gyaran alayyafo, wata Baturiya ta buga ƙofa. Ta ce daga ofishin ayyuka take, tana da 'yan tambayoyi kan maigidan. Nan take na gane ofishin da ke biyan Malam kuɗin ne ya turo bincike. Anti kuwa baƙuwa ta gani. Ta ba ta kujerar Malam, ta kawo shayi da cincin.

Baturiyar ta tambaya ko yana gida.

"Gida? Da rana tsaka?" Anti ta ce da Turancinta na kasuwa. "Mijina bai taɓa wuni a gida ba."

Na yi tari, na taka mata ƙafa. Ta janye ƙafarta ta ci gaba. Ta faɗi sunan gonar, ta faɗi tun watan da ya fara, har takalmansa masu kashin doki ta nuna a bakin ƙofa. Matar tana ta murmushi. Shayin ko kurɓa ba ta yi ba.

Da ta fita, ba ta tafi ba. Ta zauna cikin motarta a tsallaken titi, tana kallon gidan.

Anti ta kwashe kofuna, fuskarta fal farin ciki.

"Kin gani ko, 'yar nan? Yau gwamnati da kanta ta san mijina ba cima-zaune ba ne."

Na tsaya a taga ina addu'ar kada Malam ya dawo da wuri.