Saura Minti Tara

Shugaban sashenmu ya taɓa zuwa kwas na wata uku a ƙasar Turawa, kuma abin da ya dawo da shi bai wuce agogon hannu da ƙaramar rediyo da raini mai yawa ba. Wannan a shekarun farko ne da aka mai da Dutse babban birnin jiha, aka kwaso mu daga Kano aka zube tsakanin duwatsu. Ni ƙaramin akawu ne a lokacin, ina haya a ɗaki ɗaya a Limawa. Teburina yana daf da ƙofar ofishinsa, don haka duk wani shirme nasa ni ne farkon mai sha.

Aiki dai bai iya ba. Fayil zai kwana arba'in a gabansa bai buɗe ba. Amma duk sa'a, in ta kusa cika, sai ya zare eriyar rediyon nan, ya kamo wata tashar Turawa da ke yin ƙara sau shida kafin labarai, ƙit, ƙit, ƙit, ta shidan da ɗan tsawo. Ya kafe agogonsa da ido yana riƙe da numfashi. In allurar ta dace da ƙarar ƙarshe sai ya yi murmushi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, wai ko akwai mai magana. Ya ƙara sa'a ɗaya a kan lokacin Turawan, ya ce wannan shi ne lokaci, sauran duk kame-kame ne. Ladanin masallacin sakatariya ma bai tsira ba. Ya taɓa tare shi a bakin rijiya ya shaida masa cewa ya kira La'asar da saurin minti huɗu. Dattijon ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ci gaba da alwalarsa.

Mu dai Yallaɓai muke ce masa a gabansa. Abin da muke ce masa a bayansa ba zai rubutu ba.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu, bayan Taura. Ta daɗe tana jinya, kuma zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce abu ɗaya take so. In ta rasu, ni zan shiga kabari in karɓe ta in kwantar da ita, tunda ni kaɗai ne ɗanta namiji. Na ce Inna ki daina irin wannan magana. Ta ce ba ta tambaye ni ra'ayi ba, in ce to kawai. Na ce to.

Wata Talata cikin bazara, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wani direban motar haya ɗan garinmu ya shigo ofis yana tambayata. Da na ga ya cire hula yana murza ta na san abin da ya kawo shi. Ya ce Inna ta cika bayan sallar Asuba. Kawu, wato ƙanenta, ya ce a gaya mini za a jira ni zuwa ƙarfe biyu. Shi kuwa direban, Birnin Kudu ya nufa da fasinja, ba zai koma ba sai yamma.

Na miƙe zan tafi tasha, sai ga Yallaɓai a bakin ƙofa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce ba zai bar ma'aikacinsa ya je ya zauna jiran mota ta cika ba, shi zai kai ni da tasa. Wallahi a lokacin har na ji kunyar zagin da nake masa. Sai ya zaro biro ya jawo wata ambulan ya hau lissafi a bayanta.

"Daga nan zuwa garinku awa ɗaya da minti hamsin ne, har da tsayuwa," in ji shi. "In mun tashi sha biyu daidai, mun isa da sauran minti goma. Tashi kafin haka ɓarnar lokaci ne."

"Yallaɓai, da mun tafi yanzu. Gawa ce, ga zafi."

"Biyu suka ce ko ba biyu ba?"

"Biyu suka ce."

"To zauna."

Na zauna. Wannan zaman shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba. Namiji da gemunsa, uwarsa tana kwance cikin likkafani, amma an ce masa zauna ya zauna, don mai maganar shi ke sa hannu a takardar ƙarin girma. Na yi ta gaya wa kaina cewa motar tasha ma sai ta cika, wataƙila duk ɗaya ne. Sa'a guda ina kallonsa yana shan shayi. Da rediyo ta yi ƙarar sha biyu ya duba agogo, ya gyaɗa kai, ya ɗauki makulli.

Tuƙinsa irin halinsa ne. Allurar gudu tana wuri ɗaya ba ta motsi, ko titi ya miƙe babu ko akuya. Motocin itace suna wuce mu. Muka bar Kiyawa, yana yi mini bayanin yadda jirgin ƙasa yake isowa a can ƙasar da ya je, wai har ana iya saita agogo da shi. Ya ce matsalar mutanenmu ke nan, an ce biyu, su zo uku. Ni ina kallon gonaki a bushe, ina jin muryar Inna tana cewa in ce to kawai.

Mun wuce Jahun kaɗan sai na ji ya rage gudu. Ya gangara gefen titi, ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, ya kashe mota. Na zaci taya ce. Sai na ga ya miƙa hannu kujerar baya ya ɗauko rediyo.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Ɗaya ta kusa. In inji yana aiki tashar ba ta fita sosai."

"Ai ka saita shi da sha biyu."

"Girgizar hanya tana taɓa agogo. Kai ba ka san waɗannan abubuwan ba."

Saura minti takwas ɗaya ta cika. Ya fita ya ɗora rediyon a kan mota, ya ja eriya, yana juya ta gabas da yamma. Na fito na same shi. Ban taɓa roƙon mutum irin na ranar ba.

"Don girman Allah, Yallaɓai, mu tafi. Uwata ce."

"Samari, wannan tsayuwar tana cikin lissafi. Na gaya maka har da tsayuwa."

Ko kallona bai yi ba. Na duba titi ko wata mota za ta ɓullo in tare ta, babu komai sai wani mai amalanke. Muka tsaya cikin ranar nan har ƙarar ta zo. Ya ce agogon ya yi jinkirin sakan biyu, ya gyara, ya naɗe eriya a hankali, ya goge rediyon da hankici ya mayar cikin jakarta. Sakan biyu! Fuskarsa har sheƙi take don daɗi.

Muka wuce Gujungu, muka wuce Taura, muka sauka daga kwalta muka kama burji. Maƙabartar garinmu tana bakin hanya kafin a shiga gari. Tun daga nesa na hango mutane, kuma ba shiga suke ba, fitowa suke. Biyu suna ɗauke da makara a kafaɗa, tana lilo don babu kowa a ciki. Wani yana riƙe da tulu a kife.

Ban jira motar ta gama tsayawa ba. Kawu ya taho ya rungume ni, hannayensa duk jar ƙasa.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Mun jira iya jira. Tun hantsi kabari yake a haƙe, zafin nan ya fara taɓa ta, liman ya ce kada a ƙara cutar da ita. Har muka sallace ta muka kawo ta nan muna duban hanya. Ni na shiga a madadinka. Yanzun nan muka gama rufewa, ko addu'a ba a daɗe da shafawa ba."

Yanzun nan. Na lissafa abin da ke cikin yanzun nan ɗin, na ga tsamiyar bayan Jahun tsaf a ciki, balle sa'ar shan shayi.

Sai ga Yallaɓai ya iso, yana gyara babbar riga. Bai yi sallama ba, bai ce Allah ya ji ƙanta ba. Ya janye hannun riga ya kai agogon nan gaban fuskar Kawu, mutumin da bai taɓa ɗaura agogo ba a rayuwarsa.

"Baba, an yi kuskure a nan. Biyu kuka ce. Duba da kyau, saura minti tara."

Kawu ya dubi agogon, ya dubi mai agogon, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Wannan tare kuke?"

Na ratsa mutane na shiga maƙabarta. Kabarin yana can gefen wata aduwa, ƙasarsa ɗanya, ruwan da aka yayyafa bai ko tsotse ba, ga shatin tafin hannun mutane inda suka daddaɓe ta. Na durƙusa na ɗora nawa hannun a kai. Na yi niyyar addu'a, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, Inna, na zo. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina fiye da nasa.

Ina nan durƙushe, wuri ya yi tsit, sai na jiyo rediyon Yallaɓai daga bakin hanya. Ƙit, ƙit, ƙit, ƙit, ƙit, sannan mai tsawon. Ya ƙure murya yadda duk wanda ke wurin zai ji. Daga nan na ji muryarsa, cike da gamsuwa, yana gaya wa mutanen da suka binne uwata:

"Kun ji ko? Yanzu ne biyu ta yi."