Shinkafa a Takalmin Zdravka

Blagoy Kostadinov mai gyaran famfo ne a Samokov. Shekara arba'in yana rarrafe a bayan tukwanen wanka na mutane, kuma bai taɓa ɗora ƙafarsa a kan katakon zamiya a dusar ƙanƙara ba. A gindin dutsen Rila aka haife shi, amma ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum ya hau sama don kawai ya sauko ba. Magana ba ta dame shi ba. In ya gyara maka bututu, sai ya buɗe famfo, ya tsaya ya ga ruwa na zuba, ya kwashe kayansa ya tafi.

Matarsa Zdravka ita ce ta dutse. Sanyi goma sha tara a jere ita ke dafa romon wake da gasa nama a ɗakin cin abincin da ke can ƙolin gangara. Da safe kujerar igiya, wadda inji ke ja da mutane zuwa ƙolin dutsen, ke kai ta sama. Ƙarfe huɗu ake kashe kujerar, ita kuwa ba ta gama wanke tukwane sai biyar, don haka a kan katakonta take saukowa, ita kaɗai, bayan kowa ya watse. Sharaɗin aikin ke nan tun farko: wanda ba zai iya sauko da kansa ba, ba zai yi girki a sama ba.

Sai ƙashin gindin babban yatsan ƙafarta ta dama ya fara turowa. Takalmin zamiya kuwa ba ya sassautawa, roba ce mai tauri da maɗaurai huɗu na ƙarfe. Saukowar da take yi a minti goma sha biyar ta koma minti arba'in. Wata Talata a watan Fabrairu masu sintiri suka same ta zaune a dusar ƙanƙara, ta cire takalmin, tana riƙe da ƙafar. Labari ya kai ga Lyuben, mai ɗakin abincin.

"Gwaggo Zdravka," in ji shi, "kin san ba don na ƙi ki ba ne. In kika daskare a hanya, me zan gaya wa mijinki? Na ba ki zuwa Lahadi. In ƙafar ta ƙi, sai in nemi wani."

Ta faɗa wa Blagoy a gida tana yanka albasa, wai don kada ya san dalilin hawayen. Washegari da yamma, bayan ta sauko, ya ɗauki takalmin ya nufi shagon Spas, abokinsa tun firamare, mai ba da hayar kayan zamiya.

"A'a! Blagoy a shagona? Yanzu da gwiwa ta mutu za ka fara koyo?"

"Takalmin nan yana cin ta."

"Sai birnin Sofiya, can suke da injin gasa shi. Amma sai an je da ƙafar."

"Ba ta da hutu sai Maris."

Spas ya sosa ƙeya. Ya zaro soson cikin takalmin, ya ce wannan in ya ji zafi laushi yake yi, ya ɗauki siffar ƙafa. A cika safa da ɗanyar shinkafa, a gasa, a cusa ciki minti goma. A fitar, ta sa ƙafa, a ɗaure, ta tsaya yatsunta a kan guntun itace, gwiwa a lanƙwashe. Robar waje kuma sai an hura mata zafi an tura ta daga ciki, daidai inda ƙashin yake.

"Ya zan san daidai wurin?"

"Jambaki."

"Me?"

"Jambaki, kurma! Ka shafa a kan ƙashin, ta sa ƙafa a robar ba soso, wurin zai nuna kansa. Ko in ara maka na matata?"

Ya ba shi tsofaffin takalma uku na haya ya koya a kansu. Na farko Blagoy ya kusantar da abin hura zafin da yake lanƙwasa bututu da shi, robar ta yi ƙyalli, ta zube kamar cuku. Kicin ya yi kwana biyu yana wari. Na biyu ya ƙona shinkafar. A na uku hannunsa ya gane lokacin: in robar ta yi laushin da babban yatsa zai ɗan nutse, a nan ake tsayawa.

Ranar Alhamis da asuba, kafin ta fita, ya zaunar da ita a kujera. Ta ɗauko jambakin da ta saya don bikin 'yarsu, ba a taɓa shi ba tun lokacin. Ya durƙusa ya ɗora ƙafarta a cinyarsa. Shekara talatin da ɗaya suna kwana gado ɗaya, bai taɓa duban ƙafar nan da kyau ba. Diddigen ya faffashe, farcen ƙaramin yatsa ya yi baƙi, ƙashin ya yi ja kamar an dafa shi.

"Tsoho, shafawa za ka yi ko addu'a?"

Ya shafa. Ya yi komai yadda ya koya. Ta taka a kicin ta ce kamar silifas.

Da yamma ta shigo tana ɗingishi, fiye ma da jiya.

Bai zagi Spas ba, bai zagi takalmin ba. Ya ɗauko igiyar awonsa ya zagaya ƙafar, ya rubuta a bayan kwalin ashana. Da asuba ya sake aunawa. Bambancin ya kusa faɗin yatsa. Ya daɗe yana kallon kwalin.

"Awa nawa kike tsaye a can?"

"Tara. Yau ka sani?"

"Ƙafar safe na yi wa takalmi," in ji shi. "Ta yamma ce ke saukowa."

Ranar Asabar ƙarfe biyu, mutumin da ko tsanin da ya wuce hawa ɗaya ba ya so, ya zauna a kujerar igiya rungume da jaka: shinkafa kilo biyu, safa huɗu, abin hura zafi, ƙarfen matsi, guduma, da jambaki a aljihun gaba. Idonsa a rufe har sama.

Lyuben ya gan shi a bakin ƙofa, fuskar Blagoy fara fat. "Kawu Blagoy! Famfonmu lafiyarsa ƙalau, wa ya kira ka?"

"Tanda nake so. Rabin awa."

"Akwai burodi a ciki."

"Ya matsa."

Baƙin rana sun ragu. A bayan kicin, tsakanin buhunan dankali, ya sake durƙusawa. Ƙafar ta kumbura, ta yi zafi a hannunsa. Jan tabon ya fito a robar nesa kaɗan da inda ya tura ranar Alhamis, kuma ya fi faɗi. Ya hura zafi a hankali, ya tura da ƙotar guduma, ya matse, ya kai waje ya binne a dusar ƙanƙara ta sandare. Sannan shinkafa. Ta sa ƙafa a soso mai ɗumi, ya ɗaure maɗauran da kansa, ya tura mata guntun itacen murhu ƙarƙashin yatsu.

"Minti goma. Kar ki motsa, kar ki taɓa komai."

"Tukwane fa?"

"Su jira."

Ta dafa kafaɗarsa don kada ta faɗi. "Shekara talatin da ɗaya, yau ne ka fara cewa in bar aiki."

Shi dai agogo yake kallo. Amma da minti goman suka cika, bai kwance maɗauran ba sai da suka zama sha biyu.

Ya bi kujerar ƙarshe ya sauko. A gindin gangara ya tsaya inda motarsa take, hannu a aljihu. Masu wasa suka watse, aka rufe shaguna, Spas ya leƙo ya ga fuskarsa ya koma bai yi tsokana ba. Biyar ta yi. Biyar da minti goma. Da kwata ya hango ɗigo baƙi can sama tsakanin itatuwa, yana karkata dama, yana karkata hagu, bai tsaya ba.

Ta zo ta ja birki a gabansa. Ba fuskarta ya kalla ba, hannunta ya kalla. Tun farkon sanyin nan, abin da take fara yi in ta iso shi ne ta sunkuya ta ɓalle maɗauran. Yau ta cire katakon, ta saɓa a kafaɗa, ta nufi mota da takalmin a ɗaure, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Lyuben ya ce Litinin in zo da wuri, akwai baƙi arba'in," ta ce. "Shinkafar fa?"

"Tana jaka."

"Kar ka zubar. Ƙafar hagu ma ta fara."

Blagoy ya ɗaga kai ya dubi kujerun da ke reto a sama, waɗanda zai sake hawa. Sannan ya karɓi katakon daga kafaɗarta, ya buɗe mata ƙofa.