Ƙofar da Shitu Ya Hana a Faɗaɗa

Shitu ɗan zangon Elmina ne, can bakin teku a Gana. Tun yana yaro yake zagayawa da baƙi cikin tsohon ginin da Turawa suka riƙa tara bayi. Da ya ga jikokin bayin na zuwa daga Amurka, su sha kuka su koma hannu rabbana, sai ya ce zai yi musu jaka mai hoton wurin. Ya sayar da kwalekwalen da ya gada, ya faɗo birnin Guangzhou na ƙasar Sin a 1998, inda nake zaune, ya maƙale mini don ina ɗan taɓa Sinanci. Kai, ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba!

Na kai shi garin Shiling wajen wani tsoho mai ɗinka jakunkuna, muna ce masa Lauban, wato maigida. Shitu ya ba shi hoton 'yar ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jirgin ruwa, wadda sai mutum ya karkata kafaɗa yake wucewa.

Bayan kwana goma muka koma. Jaka ɗari uku a jere, ɗinki ba makusa. Amma tsoho ya faɗaɗa ƙofar, ya shafe ta da ja, har da fitilu biyu. A wajen Sinawa jar ƙofa mai faɗi ita ke shigo da arziki, wai gyara ya yi mana.

Bikin tunawa da bayi da ake yi a Elmina saura wata biyu, kwalekwale kuma ya tafi. Na ce, "Ɗan'uwa, karɓi abinka, ai ta yi kyau."

Ya harare ni. "Yaya, wa zan sayar wa ƙarya? Gaya masa ko ƙofar mece ce."

Na yi ta fama da guntun Sinancina, Shitu yana nunawa da jiki: ya haɗe hannuwa kamar ɗaurarre, ya duƙa, ya karkata. Sai tsoho ya ce shi ma ƙanin kakansa daga gaɓar nan aka zuba shi a jirgi zuwa bautar gonakin rake a wata ƙasa mai nisa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Cikin mako guda aka sake fuskar jakunkunan duka, ƙofa ta koma siririya, baƙa ƙirin. Ranar lodi Lauban ya riƙo hannun Shitu, ya ce in fassara: "In ka koma, ka tsaya a ƙofar nan ka kira sunan ƙanin kakana, ko sau ɗaya. Afuk."

Shitu ya ari birona, ya rubuta sunan a tafin hannunsa.