Mai Haƙa Rijiyata a Tirwun

Ko tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da aka cim ma ruwa a rijiyar gidana na Tirwun. Lokacin ina aikin gwamnati, ina lallaɓa ginin kaɗan-kaɗan, sai na ɗauki wasu mahaƙa biyu, wa da ƙane. Wan ne ke shiga ciki da diga, ƙanen yana sama yana jawo bokitin ƙasa da igiya.

Wata Asabar bayan azahar na je duba aiki. Ƙanen ya tare ni da murna, wai ruwa ya fara tsattsafowa. Muna cikin magana sai ƙarar diga ta ɗauke. Ya leƙa ya ce, "Yaya!" Shiru. Na haska fitilar wayata cikin rijiyar. Mutumin yana kwance can ƙasa yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, ruwa kuma yana taruwa a ƙarƙashin kansa.

Ihuna ya tara maƙwabta. Samari har sun fara tuɓe riguna za su sauka, sai wani dattijo manomi ya ɗaga hannu. "Kada wanda ya shiga! Mutanen ɓoye ne, an taɓa musu gida. Duk wanda ya sauka, shi ma sai sun buge shi." Nan take jikin kowa ya yi sanyi. Aka tura a kira malam, aka zagaye rijiya ana ta addu'a. Ni kuwa da tumbin nan nawa, ko bakin rijiyar ba zan wuce ba. Ina tsaye ina kallon ruwa yana hawa kumatun mutum.

A nan na lura da ƙanen. Kowa ya ja da baya don tsoro, shi kaɗai ne bai matsa ba, kuma ya ƙi yarda mu haɗa ido. Ni mutum ne mai saurin fushi, ban san lokacin da na ci kwalar rigarsa ba.

"Kai, me ka sani?"

"Oga, wallahi ba komai."

"Leƙa ka gani! Ruwa ya kusa hancinsa. Ɗan'uwanka ne fa!"

Sai ya fashe da kuka. "Ƙwaya ce, Oga. Tiramol. Kullum sai ya sha kafin ya shiga, yau kuma ya ƙara don mu gama da wuri. Ya taɓa faɗuwa haka a gida. Ya ce in na faɗa wa wani, ba mai sake ba mu aiki."

Na ture shi na ce, "To sauka!" Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shige. Dattijon nan shi ya fara kama igiyar. Muka ja, tafin hannu na zafi, har muka fito da su biyun, wan caɓa-caɓa da laka, ya saki gaba ɗaya. Muka cusa shi a Keke Napep sai asibiti.

Likita ya ce ƙwayar kan kayar da mutum kamar mai farfaɗiya idan ta yi yawa, amma abin da ya fi yi masa illa shi ne daɗewar da ya yi yana shaƙar ruwa. Ya rayu, sai dai bai koma yadda yake ba. Da na je gaishe shi bayan an sallame shi, na tarar matarsa ce ke ba shi kunu a baki, mutumin da ke fasa dutse da hannunsa. Ya dube ni bai gane ni ba. Ƙanen ya rako ni waje ya ce, "Oga, da tun farko na yi magana..." Ban iya ba shi haƙuri ba, don gaskiya ya faɗa.

Tun ranar na daina ganin rufa wa mai shan ƙwaya asiri a matsayin zumunci. In naka ne, faɗa tun yana tsaye da ƙafafunsa. Ya ji haushinka, ya daina gaishe ka, duk ya fi ka zo gaishe shi ya kasa gane ka.